Darasi: Haɗejiya da Fadamarta, Abin da Baƙo Zai Gani

Idan aka ambaci yawon buɗe ido, hankalin yawancin mutane nesa yake tafiya: dalar Fir'auna a Masar, tsohuwar kasuwar birnin Fas a Maroko, kufan Kartaj a bakin tekun Tunisiya. Waɗannan ƙasashe na arewacin Afirka sun daɗe da mai da tarihinsu da ƙasarsu hanyar abinci. Maroko kaɗai ta karɓi baƙi fiye da miliyan 14 a shekarar 2023, kuma kowane baƙo sai ya kwana, ya ci, ya hau mota, ya sayi tsaraba. Abin da ke jan matafiyi zuwa can bai wuce tarihin wuri da al'adun mutanensa da halittar da Allah Ya shimfiɗa a cikinsa ba. Wannan darasi zai nemi waɗannan abubuwa a gida, a gabashin Jihar Jigawa, inda garin Haɗejiya yake zaune a bakin kogin da ke ɗauke da sunansa.

Kogin da ya yi garin

Wanda yake so ya fahimci Haɗejiya, da kogi zai fara. Ruwan da ke wucewa ta kudancin garin daga ƙasar Kano ya taso. Kogin Kano da Kogin Calawa ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogi ɗaya, ya miƙa arewa maso gabas ta ƙasar Ringim har ya iso Haɗejiya. A wannan yanki sai halinsa ya sauya. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, babu dutsen da zai matse ruwa a hanya ɗaya, sai tsofaffin tuddan yashi da iskar hamada ta jera tun zamani mai nisa. Ruwan yakan rarrabu a tsakaninsu. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya bi tsohuwar hanyar kogin, wani ya zama Burum Gana, wani kuma ya bi mashigar Marma ya zube a tafkin Nguru. Can gaba wajen Gashuwa ruwan yakan gamu da na Kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

Wannan rarrabuwa ita ta haifi dausayin da ake kira fadamar Haɗejiya da Nguru. A watan Agusta da Satumba ruwa yakan cika ya malale, ya rufe gonaki da kurmi, garuruwan da ke kan tudu su zama tsibirai, sai da kwalekwale. Manomin shinkafa ya riga ya yi shuka kafin zuwansa. Kifi yakan biyo ruwan ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa. Da kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, masunta su tare shi a mashigai, manomi ya bi laimar da ya bari ya shuka wake ko kankana ko rogo, mai noman rani ya kafa injinsa ya yi albasa da tattasai da alkama. Idan rani ya tsananta, tudu ya bushe ƙurmus, sai Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawar da ta rage a kwari. Fili ɗaya ke nan ya ciyar da masunci da manomi da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ko kogin ba sa hangowa. Ana ƙiyasta cewa mutum miliyan ɗaya da rabi ne abincinsu ya rataya a kan wannan fadama.

Duk abin da baƙo zai gani a ƙasar Haɗejiya, daga ganuwa zuwa kasuwar kifi zuwa tsuntsayen Baturiya, wannan zuwa da komawar ruwa ce ta kafa shi.

Garun Gabas, Sambo da Buhari

Arewa da Haɗejiya, a ƙaramar hukumar Malam Madori, akwai wani gari da ake kira Garun Gabas. Matafiyi zai iya wuce shi bai waiwaya ba, alhali duk ɗan makarantar da ya taɓa jera sunayen Hausa Bakwai ya ambace shi, domin shi ne Biram. Labarin baka ya ce a nan Bayajida ya bar matarsa, 'yar Sarkin Barno, lokacin da ya tsere ya nufi yamma, kuma a nan ta haifi ɗan da ya zama sarkin wurin. Ko masana sun yi saɓani a kan labarin Bayajida, abu ɗaya a fili yake: Hausawan da suka tsara labarin asalinsu sun ɗauki wannan yanki a matsayin ƙofarsu ta gabas, inda ƙasar Hausa take gaisawa da Barno.

Haka kuwa yake. Kafin jihadi ƙasar ƙananan masarautu ce, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Haɗejiya kanta, kuma gaisuwarsu Barno take tafiya ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Auyo tana cikin mafiya tsufa. Mutanenta suna da harshensu na kansu, Auyakanci, wanda yanzu ya ɓace, Hausa ta haɗiye shi. Har gobe masarautar gauraye take: Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizmawa, kuma mai kunne zai ji wannan gauraya a sunayen garuruwa da unguwanni da kuma a karin Hausar Haɗejawa.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi, Fulanin yankin a ƙarƙashin Umaru da ɗan'uwansa Sambo suka karɓi tuta, suka ci ƙananan masarautun ɗaya bayan ɗaya. Sambo ya hau a 1808, ya mai da Haɗejiya hedkwata, ya faɗaɗa ganuwa, ya yi mulki har 1845. Shi ne tushen gidan sarautar da ke kan gado har yau.

Ɗansa Buhari ne ya sa sunan garin ya zama abin tsoro daga Kano har Barno. Ya hau a 1848. Bai daɗe ba ya saɓa da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Sakkwato ta tuɓe shi ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya fita, ya tara mayaƙa, ya dawo ya ƙwace garin da ƙarfi, ya kuma fatattaki rundunar da aka turo masa. Daga nan har ƙarshen ransa bai sake bin umarnin Sakkwato ba. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya bi ta Gumel a 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta labarin Buhari da irin fargabar da ke biye da sunansa. Ya kamata ɗalibi ya riƙe ɓangarorin biyu tare. A cikin Haɗejiya ana tuna Buhari da jarumtaka da ƙin ƙasƙanci. A garuruwan gabashin Kano da na Katagum da ƙasar Bade, waɗanda dawakinsa suka kai wa hari suka kwashi mutane, wani abu dabam kakanni suka ba jikoki labari. Mai yi wa baƙo jagora da ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya ya tauye tarihi. Buhari ya faɗi a fagen yaƙi a 1863, a Gogaram ta ƙasar Bade, bayansa Haɗejiya ta koma cikin daular Usmaniyya.

Ranar 25 ga Afrilu, 1906

Kano ta faɗi hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka yi yaƙin Burmi a Yuli. Haɗejiya ta ƙara shekara uku tana riƙe da kanta. Turawa sun kafa bariki kusa da garin, amma zaman doya da manja ake yi, domin Sarki Muhammadu, wanda ke kan gado tun 1885, bai yarda ya zama yaron kowa ba. Bayan tarzomar Satiru a farkon 1906, Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wani gari mai ganuwa yana ɗaga kai ba. Aka taso da runduna daga Kano a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da bindigogi masu jigida da igwa.

Ranar 25 ga Afrilu suka shiga garin. Mahayan Haɗejiya suka fito musu da takobi da mashi da sulke, aka gwabza cikin lunguna na tsawon sa'o'i har ƙofar fada. Sarki Muhammadu ya faɗi a ranar tare da wasu 'ya'yansa da hakimansa da jama'a masu yawa. Shi ya sa ba a kiransa sai da Mai Shahada. Haɗejiya tana cikin masarautun ƙarshe a Arewa da suka tari Turawa da yaƙi, kuma wannan rana ce Bahaɗeje yake fara ba baƙo labari tun kafin a tambaye shi.

Akwai wani kabari a garin da ya kamata a kai baƙo bayan ya ji wannan labari. Na Kyaftin Phillips ne, jami'in Turawan da ya zauna a Haɗejiya a wancan lokaci, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi. Bai daɗe ba bayan yaƙin shi ma ya mutu, aka binne shi a nan. Wanda ya ci garin da waɗanda aka ci duk ƙasa ɗaya ta rufe su, kuma ɗalibin tarihi zai iya ziyartar wuraren biyu a wuni guda.

Ganuwar kuwa, gaskiya mai ɗaci ita ce yawancinta ta tafi. Ruwan sama ya zaizaye ta, masu gini sun ɗebi ƙasarta, gari ya faɗaɗa ya haura ta. Abin da ya rage shi ne guntaye nan da can da sunayen ƙofofi, irin su Ƙofar Arewa da Ƙofar Gabas da Ƙofar Mandara, waɗanda mai babur zai kai mutum ko babu ƙyauren da zai gani. Wannan asara ce babba. Birnin Fas da baƙi ke tururuwa zuwa gare shi bai fi Haɗejiya labarin jarumtaka ba. Abin da ya fi ta shi ne bangonsa yana tsaye, ana gyara shi, akwai kuma mai bayani a bakin ƙofa. Fadar Sarki ita ce ta riƙe martabarta. Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje yana kan gado tun 2002, masarautarsa ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Ranar hawan Salla hakiman waɗannan ƙasashe sukan shigo da dawakinsu da 'yan lifida da masu algaita da kakaki, kuma a nan ne mai kallo zai hango kamannin rundunar da ta fita a 1906.

Kasuwar kifi

Hanci ne ke fara sanar da baƙo ya iso kasuwar kifi ta Haɗejiya, tun kafin ido. Tana cikin manyan kasuwannin kifi na Arewa. Ɗanye yana zuwa daga kogi da tafkunan fadama, busasshe kuma har daga Yobe da yankin Tafkin Cadi, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Kano da Abuja da kudancin ƙasa.

Ya dace baƙo ya tsaya ya kalli yadda ake banda. Mai aikin yakan ɗauki tarwaɗa ya wanke ta, ya lanƙwasa ta har jela ta taɓo baki, ya soke da tsinke don ta riƙe zagayen. Sai ya jera su a kan ragar waya bisa murhun ƙasa ko rabin ganga, wuta a ƙasa ba mai harshe ba, hayaƙi ake so. Yana juyawa yana duba launi, daga fari zuwa ja zuwa baƙi mai sheƙi. Idan ya yi gaggawa cikin bai bushe ba, kifin zai ruɓe a hanya, idan ya bari ya wuce kima zai farfashe a kwali, dillali ya rage kuɗi. Wanda ya ƙware da ɗagawa kawai yake gane ya yi, daga nauyinsa a hannu. Daga nan a shirya a kwali, a ɗaure da igiya, a rubuta alamar mai kaya a jiki. Ban da tarwaɗa akwai karfasa da kurungu da bargi da ragon ruwa da gaiwa, wadda ke iya binne kanta a laka ta yi rani guda tana jiran ruwa.

A bakin ruwa kuma akwai abin kallon da ya fi kasuwa tsufa, wato su da gora. Masunci yakan kifa cikinsa a kan wata babbar gora mai ƙaramin baki a sama, ya tura kansa cikin ruwa da ƙafafu, koma a hannu. Gorar ce jirginsa, ita ce kuma ma'ajinsa: duk kifin da ya kama ta bakin nan yake jefa shi. Mai son ganin ɗaruruwan masu gora a ruwa ɗaya sai ya tsallaka Jihar Yobe lokacin bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, garin nan da Buhari ya faɗi.

Sauran kayan fadama ma suna kasuwa: shinkafar gida, tabarmi da igiya da faifan kaba daga goruba, kanwa, riɗi da ake tarawa a Malam Madori. Ta wannan gari ne layin dogo na Kano zuwa Nguru ya wuce, wanda aka kammala a 1930 saboda gyaɗa.

Baturiya da baƙinta masu fiffike

Gabas da Haɗejiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, dajin Baturiya yake, mai faɗin murabba'in kilomita 320. Kurmin gabaruwa ne da giyayya da goruba da kanya, tafkuna a tsakani, fuskar ruwan lulluɓe da bado. Wanda ya iso da asuba cikin hunturu, kafin hazo ya washe, zai fara jin fiton kirinjijiya garke-garke suna dawowa daga kiwon dare. Sai dinya mai nauyin tashi, da zalɓe tsaye a ruwa ba ya motsi, da balbela da jinjimi. Waɗannan 'yan gida ne, duk shekara suna nan.

Baƙin su ne abin mamaki. Daga Oktoba, idan sanyi ya fara daskarar da tafkunan Turai da Rasha, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin laka sukan taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a dausayin farko da suka tarar a kudancinta. Akwai wata ƙaramar agwagwa a cikinsu, namijinta da farin layi a saman ido, nauyinta bai kai rabin kilo ba, amma tafiyar dubban kilomita take yi ta iso nan. Akwai wata mai dogon wuya da jela mai tsini. Sukan zauna har Maris, su yi ƙiba, su juya. Wani lokaci akan sami tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba da sunan wani birni na Turai. Masu bincike ne suka sa masa don su san hanyarsa, kuma wanda ya tsinci irinsa ya kai wa ma'aikatan daji ya taimaki ilimi. Shamuwa kuwa, da manomi ke jira, tafiyarta dabam ce: daga kudancin Afirka take zuwa gaban damina, lokacin da baƙin hunturu sun riga sun tafi.

An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 370 a fadamar Haɗejiya da Nguru. A ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowace Janairu, an sami fiye da 300,000 a 1997. Yawan tsuntsayen nan ne ya jawo hankalin duniya. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar, da haɗin guiwar Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya da ƙungiyoyin waje. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har tafkin Dagona na ƙasar Bade don ya ga tsuntsayen. Akwai yarjejeniyar kare dausayi da ƙasashe suka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971, kuma wurin farko da Nijeriya ta shigar cikinta shi ne tafkin Nguru da mashigar Marma, a 2000. Baturiya da dausayin da ke kewaye da ita sun shiga a 2008 da hekta 101,095. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗejiya da Nguru da Bade cikin jerin wuraren da take so mutum da halitta su zauna tare ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga dajin Baturiya zuwa gandun ƙasa.

Takardu ke nan, kuma suna da amfani. Amma tsuntsu ba takarda yake bi ba, ruwa yake bi.

Madatsai da kacala

A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 ta Calawa. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. Alherinsu ba ɓoyayye ba ne: birnin Kano yana sha, Kadawa da Kura suna noman rani, ga kuma aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya a Auyo, wanda aka ƙaddamar da hekta 5,700 nasa a Janairun 2023. Sai dai sun sauya numfashin kogin. Kafin madatsai, malalen damina yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. Bayansu, da farin shekarun 1970 da 1980, an yi shekarun da bai kai rabin haka ba. Masana tattalin arziki da suka auna lamarin a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malale a fadama, idan aka haɗa noma da kifi da itacen da yake bayarwa, ya fi wanda aka tare don ban-ruwa a sama riba nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuyar ganewa. Da can kogin yakan ƙafe da rani, rana ta ƙone duk ciyawar da ke cikinsa, ambaliyar damina ta zo da ƙarfi ta share yashi. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar ƙarfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Tana tsayi ta wuce mutum, saiwarta ta sarƙe a laka, ta tare yashi, mashiga ta toshe. Da tsohuwar hanyar kogi da Burum Gana suka cushe, sai ruwan ya karkata zuwa Marma, gonakin wajen Guri da Nguru suka nutse shekara da shekaru, na can ƙasa kuma suka bushe. Kwalekwale ba ya ratsa ta, raga ba ta shiga. Cikinta ne kuma jan-baki ke kwana, tsuntsun da ke sauka dubbai a gonar shinkafa, ya sa yara su wuni suna kaɗa gwangwani. Garuruwa sukan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda, gwamnati ta kawo injinan yashe masu tafiya a ruwa, ana kuma gwajin mai da ciyawar abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Toshewar mashigai tana cikin abin da ke ƙara wa ambaliya muni. A 2020 da 2022 mutanen Haɗejiya sun kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada kogi ya shigo gari.

A nan labarin wata ƙasa ta arewacin Afirka zai yi wa ɗalibi amfani. A arewacin Tunisiya, kusa da Bizarta, akwai tafkin Ishkel, matsayar tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1980. Aka gina madatsai a kan kogunan da ke shayar da shi, ruwan daɗi ya ragu, na gishiri ya shigo daga teku, ciyawar da agwagi ke ci ta mutu, tsuntsaye suka ragu ƙwarai. A 1996 aka sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Hukumomin Tunisiya suka koma sakar masa ruwa daga madatsan, aka kuma dace da shekarun ruwan sama, ciyawa ta farfaɗo, aka cire shi daga jerin a 2006. Ba a rushe madatsa ko ɗaya ba. Lokacin sakin ruwa da yawansa aka gyara, kuma irin wannan gyara ne masanan fadamar Haɗejiya suka daɗe suna nema daga masu riƙe da Tiga da Calawa: a saki da yawa da damina, a rage da rani.

Shirin tafiya

Daga Kano tafiyar kamar awa uku ce a mota, ko ta Gujungu ko ta Gumel da Malam Madori. Mai son tsuntsaye ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya kwana a Haɗejiya, ya yi sammako, domin da rana ta take sai su lafe. Da damina hanyoyin cikin fadama sukan yanke. Ba a shiga Baturiya kai tsaye: a fara da ma'aikatan daji, a gai da mai gari, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a kuma biya shi haƙƙinsa. A sa tufafi marasa ƙyalli, a rage murya, kada a ɗauki hoton mutum, balle mace, sai da izininsa. Wanda zai shiga kwalekwale ya ƙi wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya tambayi rigar ruwa. Kada a yi wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya.

Abin da yankin ya fi buƙata yanzu mutane ne da suka san abin da ke gabansu kuma za su iya faɗinsa. Masuncin da ya san sunan kowane tsuntsu da inda yake kwana, da dattijon unguwar Majema ko Dubantu da zai iya nuna inda ganuwa ta bi, da matar da ke saƙar faifai a Guri, kowannensu yana riƙe da abin da baƙo zai biya kuɗi ya gani. Baƙon farko kuwa ba lalle sai Bature ba. Ɗaliban jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da 'yan makarantun Dutse da Kano, da iyalan da ke neman inda za su kai yara hutun Salla, su ne kasuwar da ta fi kusa.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zana hanyar ruwa daga Tiga zuwa Gashuwa, ya sa garuruwa biyar da aka ambata a darasin, ya kuma bayyana da bakinsa yadda sakin ruwa da rani yake haifar da kacala. Sannan ajin ya rabu gida uku. Kashi na farko su sami dattijo a unguwarsu su rubuto abin da ya ji daga iyayensa game da ganuwa ko yaƙin 1906 ko wani tsohon wuri na garinsu. Na biyu su tambayi masunci ko manomin fadama sunayen tsuntsaye da kifaye goma, da waɗanda ya ce sun yi ƙaranci tun tasowarsa. Na uku su tsara wa baƙo ziyarar kwana biyu, da inda zai kwana da abin da zai ci da kuɗin mota da na jagora, su kawo lissafin a rubuce mako mai zuwa.